Mai Ɗaki Shi Ya San Inda Yake Masa Yoyo

'Yan'uwa manoma na ƙungiyoyin gama kai na ƙasar Kamba da Bagudo: A wannan fitowa za mu ajiye zancen taki da irin shinkafa, mu yi zancen hannun da ke riƙe fartanya da ƙafar da ke shiga fadama. In kun buɗe littafin sunayen ƙungiyarku, da wuya ku rasa mutum ɗaya ko biyu da suka daina zuwa gayya, suka daina biyan zubi, saboda wani ciwo da ya zauna musu a jiki ya ƙi tashi. Gonarsu tana raguwa kowace damina, iyalinsu kuma suna shiga wahala. Akwai wata dabara da ta taimaki irin waɗannan mutane a ƙasashe da yawa, ba ta kuwa cin kuɗi. Dabarar ita ce masu ciwo iri ɗaya su riƙa taruwa, ɗaya daga cikinsu ya shugabance su, su koya wa juna yadda za su kula da jikinsu.

Ciwo iri biyu ne

Akwai ciwon da ke zuwa ya wuce, kamar zazzaɓin cizon sauro. Mutum ya je ɗakin shan magani, ya sha ƙwayoyi kwana uku, ya koma gona. Akwai kuma ciwon da ke zama da mutum shekara da shekaru, ko ya bar masa lahani har ƙarshen ransa. Hawan jini da ciwon sukari da tundurmi da lahanin kuturta duk suna cikin wannan layi.

Bari mu yi ɗan lissafi. A ce mai irin wannan ciwo yana ganin malamin asibiti sau ɗaya a wata, minti 15 kowane zuwa. A shekara awa 3 ke nan. Amma shekara tana da awa 8,760. Sauran awoyin duka, wa ke kula da shi? Shi ne da kansa, a gida da gona da kasuwa. Saboda haka in bai san abin da zai yi wa kansa ba, gwanintar likita ba za ta wadace shi ba.

Inda dabarar ta fito

A Jami'ar Stanford ta ƙasar Amurka, wata ma'aikaciyar jinya mai suna Kate Lorig ta soma koya wa masu ciwon gaɓoɓi kula da kansu a ƙarshen shekarun 1970. Daga baya aka faɗaɗa tsarin ya haɗa masu doguwar cuta kowace iri. Ga yadda yake: mutum goma sha ne suke taruwa sau ɗaya a mako, awa biyu da rabi, har mako 6. Masu koyarwa mutum biyu ne da aka horar, kuma akasari su ma masu fama da doguwar cuta ne. A shekarar 1999 aka buga sakamakon wani gwaji da aka yi da mutum 952. Waɗanda suka shiga tarukan sun ƙara motsa jiki, sun rage gajiya, sun fi iya yi wa likita bayanin damuwarsu, sun kuma rage kwanakin kwanciya a asibiti. Ƙasar Ingila ta ɗauki wannan tsari a hukumance, ta soma gwada shi a 2002.

Cikin waɗanda suka amfana akwai masu wata cuta da likitoci ke kira da haruffa biyu, MS. Kun san wayar lantarki tana da rigar roba. Jijiyoyin ƙwaƙwalwa da na laka su ma suna da riga. A wannan cuta, garkuwar jikin mutum ce take kuskure ta riƙa cinye wannan riga, sai saƙo ya daina wucewa daidai. Ƙafa ta yi nauyi, ido ya dushe, hannu ya riƙa mutuwa, ga gajiya mai tsanani, zafin rana kuma yana ƙara tsananta ta. Ta fi kama mata, ta fi farawa tsakanin shekara 20 da 40. A lissafin 2020, mutum wajen miliyan 2.8 ne ke da ita a duniya. Akwai magungunan da ke rage tashinta, amma har yanzu babu mai warkar da ita. Don haka masu ita suka koyi dabaru daga juna: yin aiki mai nauyi da sanyin safiya, raba aiki kashi-kashi, hutawa tun kafin gajiya ta kayar da su.

Cutar MS ta fi yawa a ƙasashe masu sanyi, ba a cika samunta a ƙasarmu ba, gano ta kuma sai babban asibiti mai na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa. Amma muna da namu ciwon jijiya da muka daɗe da sani, wanda wannan dabara ta dace da shi ƙwarai. Shi ne kuturta.

Gaskiyar magana game da kuturta

Kuturta ƙwayar cuta ce ke kawo ta. Wani likita ɗan ƙasar Norwe mai suna Hansen ya gan ta da madubin likita a 1873. Ba gado ba ce, ba sammu ba ce, ba kuma horon zunubi ba ce. Tana yaɗuwa ta numfashi, in an daɗe ana zama kusa da wanda bai soma shan magani ba. Mutum 95 cikin 100 jikinsu yana kashe ƙwayar da kansa. Tana iya ɓoyewa a jiki shekara 5, wani lokaci har 20, kafin ta nuna. Alamarta ta fari ita ce tabo mai haske ko ja-ja a fata, wanda ba ya ƙaiƙayi, in an taɓa shi da auduga kuma mutum ba ya ji.

Kuturta tana warkewa. A 1981 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar haɗa magunguna, abin da ake kira MDT, kuma tun 1995 ake ba da shi kyauta. Ƙwayoyi iri uku ne: rifamfisin, dafson da kilofazimin. Ana sha wata 6 ko wata 12, gwargwadon yawan cutar. Da mutum ya soma sha, ya daina yaɗa ta. Nijeriya ta kai matsayin da ake so a 1998, wato ƙasa da mutum 1 cikin 10,000, amma har yanzu ana samun sababbin masu ita fiye da 1,000 kowace shekara. A 2024 maganin ya yanke a ƙasar nan watanni da yawa, sai a watan Maris na 2025 ya sake isowa. Duk wanda shan maganinsa ya tsaya a lokacin, bai kuwa koma ba, ya koma asibiti a duba shi.

To, in magani yana warkarwa, me ya sa muke ganin waɗanda suka gama shan magani tuntuni, amma yatsunsu suna ci gaba da guntulewa? Wani likita Bature mai suna Paul Brand, wanda ya yi aiki a Vellore ta ƙasar Indiya daga shekarun 1940, shi ya bayyana wannan. Cutar ba ta cin yatsu kamar yadda ake zato. Jijiyar da ke kai labarin zafi take kashewa. Mai lafiya in ƙaya ta soke shi, nan take zai tsaya ya cire. Wanda jijiyarsa ta mutu zai wuni yana takawa a kan ƙayar bai sani ba. Mikin ya zama gyambo, gyambon ya kai ga ƙashi, ƙashin ya lalace. Ban da haka fatar ba ta yin gumi, sai ta bushe ta yi faso, ƙwayoyin cuta su sami ƙofa. Magani yana kashe ƙwayar kuturta, amma jijiyar da ta daɗe da mutuwa ba ta dawowa. Ashe jin zafi ma kyauta ce. Wanda ya rasa shi, dole idonsa da hankalinsa su yi masa aikin da zafi ke yi, kowace rana, muddin ransa.

Daga Habasha zuwa ƙasarmu

A da, ana tattara masu kuturta a sansani. A shekarun 1930 mishan ta SIM ta karɓi kula da sansanonin lardunan Sakkwato da Katsina da Kano, waɗanda aka sani da Amanawa da Babbar Ruga da Yadakunya. Akwai kuma asibitin Danja kusa da Maraɗi. An yi aiki mai kyau a wuraren nan, amma matsala ɗaya ta ƙi ƙarewa a ko'ina cikin duniya: a kwantar da mutum, gyambonsa ya warke, ya koma gida, bayan 'yan watanni ya dawo da shi sabo.

A 1995 ma'aikatan asibitin ALERT na ƙasar Habasha suka gwada wata hanya. Suka taimaki mutane su kafa ƙananan ƙungiyoyi a ƙauyukansu. 'Yan ƙungiya su ke duba ƙafafun juna, su ke ba juna shawara, su ke nemo kayan wanke miki daga abin da ke gidajensu. Ma'aikaci yana zuwa ne ya zauna ya saurara. Gyambuna suka ragu, mutane kuma suka daina ɓoye kansu. A Lalgadh ta ƙasar Nepal, daga 2002, irin waɗannan ƙungiyoyi suka ƙara gaba, suka soma adashi da yaƙi da jahilci da gyaran rijiyoyi don amfanin ƙauye duka, har waɗanda ake ƙyama a da suka zama masu faɗa a ji. A nan gida, ƙungiyar The Leprosy Mission, wadda aka kafa a 1874, tana aiki a jihohin Kebbi da Sakkwato da Zamfara da Neja, kafa ƙungiyoyin kula da kai kuma yana cikin aikinta.

Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Tun kaka da kakanni garuruwan Hausa suna da Sarkin Makafi da Sarkin Guragu da Sarkin Kutare, masu shugabantar 'yan'uwansu. Muna da gayya, muna da adashi. Abin da ya rage shi ne a zuba sanin kula da jiki a cikin wannan tsohuwar ƙwarya.

Me ya sa maganar ɗan'uwa ta fi shiga? In malami mai takalmi da yatsu goma ya ce wa manomi ya huta da ƙafarsa mako biyu ana tsakiyar dashen shinkafa, manomin zai ce to, a zuci kuwa ya ce wannan bai san dawan garin ba. Amma in wanda ya taɓa yin gyambo iri ɗaya ya tuɓe takalmi ya nuna tabon da ya warke, ya faɗi yadda ya yi da gonarsa a lokacin, gardama ta ƙare.

Aikin kowace rana

Ga abin da 'yan ƙungiya ke koya wa juna. Ya fi kyau a yi shi da yamma bayan an dawo daga gona.

1. Dubawa. A duba tafin hannu da tafin ƙafa da tsakanin yatsu. A nemi ja, ko kumburi, ko bororo, ko faso, ko wurin da ya fi sauran ɗumi. Wanda ba ya iya ganin tafin ƙafarsa ya yi amfani da madubi ko ya sa wani ya duba masa.

2. Jiƙawa. A sa hannu da ƙafa cikin daro na ruwa mai tsabta kamar minti 20 zuwa 30. Ruwan sanyi ake so. Kada a yi da ruwan zafi, gama mutum zai ƙone bai ji ba.

3. Gogewa. In fata ta yi laushi, a goge kanta da kaushi a hankali da dutsen goge ƙafa. Kada a sa reza ko wuƙa.

4. Shafa mai. Tun fata tana da danshi a shafa man kaɗanya ko basilin, don ya riƙe ruwan a ciki. Mai yana iya jawo ɓera da kiyashi da dare, saboda haka a kwana cikin gidan sauro, a kuma ajiye kyanwa a gida.

5. Miƙe yatsu. A ɗora hannu a cinya, a riƙa miƙe yatsun da suka soma lanƙwashewa a hankali, don kada gaɓoɓi su ƙage.

6. Ido. Wanda idonsa ba ya rufuwa sosai ya riƙa tuna yin ƙiftawa da ƙarfi, ya sa malafa ko tabarau saboda ƙura da ƙaiƙayi lokacin sussuka da shiƙa, ya rufe idon da ƙyalle mai tsabta in zai yi barci.

Sai kuma kayan aiki. A naɗe ƙotar fartanya da ta lauje da tsumma, a kankare duk wata tsaga. Kada a wuni ana aiki iri ɗaya. A riƙa tsayawa ana duba hannu. Mata masu turara shinkafa da masu bandar kifi a bakin Kwara su riƙa kama tukunya da tsumma mai kauri, su yi amfani da muciya mai tsawo. Da hunturu kada a matsa kusa da wuta. Kada a taka ƙasa ba takalmi, ko a tsakar gida. Takalmin da ya dace shi ne mai taurin ƙasa wanda ƙaya da kututturen kara ba za su huda ba, mai laushi a ciki, mai maɗauri a dunduniya, wanda ba a buga masa ƙusa ba. A zazzage shi kafin a sa.

In miki ya fito, a wanke da ruwa mai ɗan gishiri, a rufe da ƙyalle mai tsabta, a hutar da ƙafar. Babban maganin gyambon tafin ƙafa shi ne daina taka shi. In tafiya ta zama dole, a yi da sanda, a taƙaita taki.

Yadda taro ke gudana

Mutum 8 zuwa 12 sun isa ƙungiya ɗaya, kuma su kasance masu iya isowa da ƙafa ba tare da doguwar tafiya ba. Su za su zaɓi shugabansu daga cikinsu, su sa ranar taro, mako-mako ko bayan mako biyu. In mata sun fi sakewa su kaɗai, a yi musu tasu. Kowa ya zo da daronsa da mansa. Ana jiƙa ƙafa ana hira. Sa'an nan a bi kowa ɗaya bayan ɗaya, a duba, a tambaye shi: yaya aka yi wannan miki ya fito? Me za ka sake don kada ya dawo? A auna faɗin gyambo da tsinke, a karya tsinken daidai faɗinsa, a ajiye. Mako mai zuwa tsinken zai faɗi gaskiya ko gyambon yana raguwa.

Kafin a tashi, kowa ya ɗauki alkawari ƙarami guda ɗaya na wannan mako. "Zan kula da ƙafata" ba alkawari ba ne, ya yi faɗi da yawa. Amma "zan jiƙa ƙafata kowace yamma kafin cin tuwo, kwana biyar cikin bakwai" alkawari ne da za a iya bincikawa. A tsarin Stanford akan tambayi mutum, daga 0 zuwa 10, nawa ne ƙarfin zuciyarsa cewa zai cika. In bai kai 7 ba, sai a rage alkawarin. Wanda ya kasa cikawa ba a yi masa faɗa. A tambaye shi abin da ya hana, kowa ya kawo dabara, shi kuma ya zaɓi wadda zai gwada. Abin da aka faɗa a taro ya tsaya a taro.

Inda ƙungiya za ta tsaya

Ƙungiya ba asibiti ba ce. Ba ta ba da ƙwayoyi, ba ta yanka. A kai mutum asibiti ba tare da jinkiri ba in an ga ɗaya daga cikin waɗannan: gyambo mai wari ko ruwa, da zazzaɓi ko kaluluwa, gyambon da bai ragu ba bayan an huta makonni, tabon fata da ya kumbura ya yi ja, zafi a gwiwar hannu ko bayan gwiwa, sabon rashin ji ko rashin ƙarfi a hannu ko ƙafa, jan ido mai zafi ko dushewar gani. Jijiyar da ta soma mutuwa cikin watanni 6 da suka wuce ana iya cetonta da magani, don haka kwana ɗaya ma yana da daraja. Kowace ƙaramar hukuma, har da Dandi da Bagudo, tana da ma'aikaci mai kula da tarin fuka da kuturta. Ku neme shi tun ranar da za ku kafa ƙungiya. Ku roƙe shi ya duba mutanen gidan duk wanda aka samu da cutar.

Mu mutanen bakin iyaka ne. Masunta da fatake suna kai da kawowa tsakanin Dole Kaina da Lolo da Illo da Gaya da Malanbil. Wanda ke shan magani ya gaya wa malamin asibiti kafin ya yi tafiya, ya riƙe katinsa a jiki. Maganin iri ɗaya ne a Nijar da Binin, kyauta ne kuma a can ma.

Masu tundurmi su ma su shigo

Tundurmi sauro ne ke yaɗa tsutsar da ke kawo shi. Ƙafar da ta riga ta kumbura tana bukatar kulawa mai kama da wadda muka faɗa: a wanke ta da sabulu da ruwa kowace rana, a tsane tsakanin yatsu da lungunan fata sarai, a ɗaga ta bisa in ana zaune ko kwance, a riƙa motsa ta, a sa takalmi. Yin haka yana rage zazzaɓin nan mai zafi da ke kayar da mutum kwanaki, yana kuma hana kumburin ƙaruwa. Masu ciwon sukari da ƙafarsu ta daina ji su ma suna bukatar duba ƙafa kullum. In aka haɗa su duka, ba wanda zai kira taron da sunan cuta ɗaya.

Abin da ƙungiyar gama kai za ta yi

Mun ce maganin gyambo hutu ne. Amma yaya magidanci zai huta ciyawa tana cinye masa gero? A nan ne aikinku yake. Ku sa a dokar ƙungiya cewa duk ɗan ƙungiyar da aka ce ya hutar da ƙafa, za a yi masa gayya. Ku ware wani abu daga asusu don takalma da sabulu da kuɗin mota zuwa asibiti. In ana rabon aiki, a ba mai lahanin ƙafa aikin zaune, kamar awo, ko tsaron rumbu, ko riƙe littafi, ko kiwon kaji da awaki. A ba shi rance da taki daidai da kowa. Ku ba su inuwa ko ɗakin taro, ƙofa kuma ta kasance a buɗe ga kowane maƙwabci, Kirista ko Musulmi, gama ciwo ba ya tambayar addini. 'Yan zumuntar mata su taimaka wajen gano matan da ke ɓoye a cikin gida saboda kunya.

Abu biyu za ku kiyaye. Na ɗaya, kada masu lafiya su ƙwace shugabancin; in kun yi haka, ya koma wa'azi, amfanin ya tafi. Na biyu, kada a kafa ƙungiya da alkawarin rabon kaya, domin ranar da kaya suka ƙare taro ya watse. Kuma mu gyara bakinmu. Wanda ya sha magani ya warke, a kira shi da sunansa, a ci abinci ƙwarya ɗaya da shi, a sayi abin da ya kawo kasuwa.

Ranar Lahadi ta ƙarshe a watan Janairu ita ce ranar tunawa da masu kuturta a duniya. Tana faɗuwa cikin hunturu, lokacin da faso ya fi yawa, aikin damina kuma ya ƙare. A taronku na gaba ku karanta wannan takarda da ƙarfi saboda waɗanda ba su iya karatu ba. Ku zaɓi mutum biyu masu riƙe asiri su ziyarci waɗanda suka daina zuwa, su gaishe su, su tambaye su ko suna so. In mutum huɗu ma suka yarda, ku nemo daro huɗu ku sa rana.